Koken Matan Zongo Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zongon Kumasi

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu matan Aboabo da Asawase ne, tare da magajiyoyinmu. Maganar da ke tafe da mu ta kunya ce, amma ciwo ya kai mu bango.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu, ta haura sittin, shekara uku tana fama da ƙaiƙayin gaba. Da dare ba barci, sai ta zauna cikin baho da ruwan ɗumi har kiran assalatu. Duk inda ta je ba a duba wurin, sai a ce sanyi ne, a rubuta mata maganin matsi. Da Allah ya haɗa ta da likitan fata, ya ce wani ciwon fata ne da ake kira lichen sclerosus. Lokacin fatar ta riga ta yi fari fat, ta tsattsage.

Ranka ya daɗe, wannan ciwo ba wajen miji ake ɗaukarsa ba, ba kuma ƙazanta ke kawo shi ba, amma mun ga auren da zargi ya girgiza a kansa. Ya fi kama matan da al'ada ta ɗauke musu, yana kama yara mata da ba su balaga ba. Man shafawa mai ƙarfi irin clobetasol yana kwantar da shi. In aka bar shi kuwa, wurin yakan manne, fitsari da kwanciyar aure su zama azaba, wani lokaci ma ya rikiɗe ya zama ciwon daji.

Roƙonmu, Sarki ya kai kukanmu ga Kwalejin Likitoci ta Ghana da ke Accra, wadda tun 2003 take horar da ƙwararru, da kuma shugabannin asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Likitocin da ke neman ƙwarewa a fannin mata da na iyali, a ba su lokaci a sashen fata. A koya musu da hotunan baƙar fata, domin jan da littattafai ke nunawa ba ya fitowa haka a jikinmu. Su san lokacin da za a ɗebi ɗan guntun fata a kai awo. Kuma in za a duba mu, a sa nas mace a ɗakin, don rashin hakan ne ke mayar da mata da yawa a cikinmu gida.

Mu kuma za mu bi gida-gida mu hana tsarki da alif da sabulu mai ƙarfi. Muna jiran ranar da Sarki zai ba mu mu zo fada.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Daga 'ya'yanka, matan Aboabo da Asawase