Tsohon makulli ne ya tsayar mana da ciniki, ba sabuwar manhaja ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya same ni a wurin aiki, wato yadda tsofaffin makullan tsaron kwamfutocinmu suka daina aiki bayan na sabunta manhaja, domin na lura ba ni kaɗai ya sama ba, kuma shawarar da nake jin ana ba masu shaguna da ƙananan asibitoci da makarantu a kansa tana tayar mini da hankali.

Ni ne mai kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da magunguna da ke da babban shago a Zariya da reshe a Funtuwa. Lissafin kaya da na ciniki duk yana zaune a kan kwamfuta ɗaya da muke kira saba, a wani ɗan ɗaki bayan sito, tana aiki da Ubuntu 20.04, wato zubi na 20.04 na babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Wa'adin gyaran tsaro na yau da kullum na wannan zubin ya ƙare a watan Mayun 2025, don haka bayan Babbar Sallah, wata Asabar da dare da aka rufe shago, na zauna na ɗaga ta zuwa 22.04. Ta tashi lafiya, manhajar lissafi ta buɗe, na gwada buga rasit ya fito. Na kulle ɗakin na tafi gida.

Litinin da safe, takwas da 'yan mintuna, yaron da ke kan kanta a Funtuwa ya kira ni: "Injiniya, kwamfuta ta ƙi ganin Zariya." Na ce ya duba data, ya ce akwai. Na ce ya kashe ya kunna, ya ce sau uku ya yi. Ta cikin wayar ina jin hayaniyar mutane, masu kemis daga ƙauyuka da suka yi sammako don sarin magani su koma kafin rana ta yi. Ranar da biro da littafi aka yi ciniki, kuma kowane farashi sai an kira Zariya an tambaya. Wata mata da ta zo neman maganin hawan jinin mahaifinta ta gaji da jira ta tafi wani wuri. Kafin tara Alhaji mai kamfanin ya kira da kansa: "Malam, me ka taɓa? Shekara nawa abin nan yana aiki lafiya? Mayar mana da shi yadda yake."

Da na buɗe rajistar OpenVPN, manhajar da ke haɗa Funtuwa da Zariya ta ɓoyayyar hanya, sai na ga kalmomi huɗu suna ta maimaituwa: "ca md too weak". Ma'anarsu ita ce hatimin da aka buga wa takardar shaidarmu, wato fayil ɗin da kwamfuta ke nuna wa 'yar'uwarta don a gane ta, ya yi rauni. Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya yi takardun a 2016, ya ba su shekara goma, ya buga musu hatimi da dabarar da ake kira SHA-1. Sabon Ubuntu ya zo da OpenSSL 3.0, manhajar da ke tantance takardun shaida, wanda ya daina amincewa da irin wannan hatimin. Babu abin da ya lalace. Mai gadi aka canja, sabon kuma ya duba katin da tsohon ke karɓa ya ce na jabu zai iya kama da shi.

Kuma gaskiyarsa ce. Daga abin da ke cikin takarda SHA-1 ke lissafo wata lamba, kuma amfanin hatimin shi ne kada takardu biyu mabambanta su taɓa fitar da lamba ɗaya. A watan Fabrairun 2017 masu bincike na Google da na cibiyar CWI ta Amsterdam suka fito da fayilolin PDF biyu, abin da ke cikinsu daban, lambar SHA-1 ɗinsu iri ɗaya. A 2020 Gaëtan Leurent da Thomas Peyrin suka nuna hari mafi muni, wanda ke ba mutum damar zaɓar abin da zai ƙirƙira, da kuɗin hayar kwamfutoci da bai kai dala 50,000 ba. Kwamfutoci ƙara ƙarfi suke yi kullum, farashin kuwa sauka yake. Wato tun kafin in fara aiki a kamfanin nan an san hatimin da ke tsare hanyarmu ya tsage.

Na je na zauna gaban Alhaji na ce: "Ranka ya daɗe, in na mayar da tsohuwar manhaja, yau za a yi ciniki, amma mun koma ɗakin da ba mai sake gyara masa ƙofa." Ya ba ni kwana biyu. Na yi sababbin takardun shaida da SHA-256, dabarar hatimi da ta fi SHA-1 ƙarfi, na hau mota zuwa Funtuwa da su a filashi, na sa su a kwamfutoci ukun da ke can da hannuna. Kafin la'asar ranar Talata jerin kaya ya bayyana a allon kanta.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba, kuma abin da ya biyo baya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Muna da wani akwatin ajiya da aka saya shekaru da yawa, wanda sabar ke tura wa kwafin duk lissafinmu ƙarfe biyun dare ta hanyar SSH, wata ɓoyayyar hanya da na'ura ke shiga wata na'urar da makullin sirri. Bayan kwana goma sha shida na leƙa don ɗauko wani tsohon rasit, sai na ga kwafi na ƙarshe na daren Juma'ar da ta gabaci sabuntawar ne. Jikina ya yi sanyi. Kwana goma sha shida na bashin da ake bin mu da wanda muke bi yana kan faifai ɗaya tak, a garin da wuta ke zuwa ta ɗauke yadda ta ga dama. Matsalar Funtuwa ta yi ihu, mutane sun tsaya a layi, an ji. Wannan kuwa shiru ta yi, kowane dare sabar na ƙwanƙwasa ƙofa ana ƙin buɗewa, ba wanda ya sani. Wannan sakaci nawa ne, domin ya kamata washegarin aikin in duba ko kwafin ya tafi.

Dalilin ɗaya ne. Tun zubi na 8.8 na OpenSSH, manhajar da ke gudanar da SSH, da ya fito a Satumban 2021, aka rufe sa hannu da nau'in makullin da ake kira RSA in da SHA-1 aka yi shi, Ubuntu 22.04 kuma da 8.9 ya zo. Abin da da yawa daga abokan aikina ba su gane ba shi ne makullin RSA ɗin kansa bai mutu ba, in dai tsawonsa ya isa. Tun 2016 OpenSSH ya iya sa hannu da shi ta sabuwar hanya. Akwatinmu ne bai san sabuwar hanyar ba, kamfanin da ya ƙera shi ya daina fitar masa da gyara tuntuni, wanda ya sayar mana da shi kuma ko ambaton haka bai yi ba. Dole na buɗe wa akwatin shi kaɗai tsohuwar hanyar na ɗan lokaci, na rubuta ranar da zan rufe ta, har Alhaji ya amince aka sayi sabo. A kan sabon na yi sabon nau'in makulli mai suna Ed25519, na kuma sa sabar ta riƙa turo mini saƙo duk safiya ko kwafi ya tafi ko bai tafi ba.

Malam Edita, a zaurukan WhatsApp na masu irin aikinmu, da zarar wani ya kawo wannan kuka, amsar da ke fara zuwa ita ce layi ɗaya da zai kwafa ya mayar da matakin tsaro sifiri, ko kuma a ce masa kada ya ƙara sabunta komai. Na ga an ba wani yaro mai kula da bayanan marasa lafiya wannan shawarar, ya yi godiya, ya tafi. An bar jaki ana dukan taiki. Na san halin da yake ciki, maigida na tsaye a kansa, dala ta yi tsada, ba a son jin maganar sayen sabon kaya alhali tsohon na kunnuwa. Amma matakin da aka sauke "zuwa gobe" na sha tarar da shi a sauke bayan shekaru, wanda ya sauke shi ma ya bar aikin. Ba kuma za a daɗe ana samun wannan mafakar ba: wani tsohon nau'in makulli mai suna DSA da aka kashe tun OpenSSH 7.0 a 2015, ana iya kunna shi da hannu shekara da shekaru, amma a zubi na 10.0 da ya fito a Afrilun 2025 an cire shi ɗungurungum. Mai na'urar da DSA kaɗai ta sani, yanzu ba layin da zai kwafa.

Roƙona ga iyayenmu masu dukiya shi ne, in mai kula da kwamfutarku ya ce yana son yini guda ya bincika makullai da takardun shaida kafin ya sabunta, ku ba shi, ku kuma tambaye shi wace shekara aka yi su, wa ya yi su, yaushe za su ƙare. Takardunmu na 2016, ko da ban taɓa komai ba, a 2026 za su mutu da kansu wata safiya, kuma babu ko mutum ɗaya a kamfanin da ya san da haka. In za ku sayi na'ura, ku sa mai sayarwa ya faɗa muku har zuwa yaushe masu ita za su ci gaba da gyara ta.

Ina kuma roƙon jaridarku ta ware wa irin wannan bayani ɗan fili da Hausa, ko sau ɗaya a wata, don masu shagunan da ke karanta ku su ne ke yanke shawarar kashe kuɗin. Mu dai akwai wani ɗagawar a gabanmu zuwa 24.04, kuma na riga na manna takarda a bangon ɗakin sabar mai ɗauke da sunan kowane makulli da ranar da aka yi shi.

Na gode.

Naku,
Mai kula da kwamfuta,
Zariya