Mamana, ki karanta wannan kafin ki kai furojet ɗin nan

Assalamu alaikum Mamana, ya karatu, ya sanyin Zariya? Ummanki na gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi alhamdulillah.

Jiya Goggonki ta zo take ce min wai kin faɗa mata akwai wani yaro a kafe ɗin bakin get da yake haɗa wa ɗalibai furojet, a ba shi kuɗi ya zuba a ChatGPT, manhajar nan mai yi wa mutum rubutu, ya fito da babi guda har da jerin littattafai a ƙarshe, kuma wai ƙawayenki duk can suka kai nasu. Wallahi ban runtsa ba. Ban ce kin kai naki ba, amma kin san abin da ya faru da Yayanki, kin ga yadda Ummanki ta yi wata guda ba ta leƙa ko ƙofar gida ba, ni bazan iya sake karɓar irin waccan takardar ba.

ChatGPT ɗin nan yana ƙirƙiro sunan littafin da babu shi a duniya, da marubuci da shekara, tsaf kamar gaske. Ranar difens, wato ranar da za ki kare furojet ɗin a gaban malamai, malami ɗaya ya ɗago kai ya ce wannan littafin a ina kika gan shi, me za ki ce? Ke da kika yi Islamiyya kin san ba a karɓar hadisi sai da isnadi, to rubutun jami'a ma haka yake, wa ya faɗa, a wane littafi, shafi na nawa.

Tunda kan Kasuwar Kurmi kike rubutu aikinki ma da sauƙi. Ban hana ki duba Wikipedia ba, amma kowa na iya shiga ya gyara ta, don haka ki gangara ƙasan shafin ki ga inda suka samo maganar ki bi ta can. Za ki ga ana cewa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka kafa kasuwar, 1463 zuwa 1499, to ki shiga laburaren Kashim Ibrahim ki nemi Tarihin Kano wanda Palmer ya fassara a 1908 ki gani da idonki. In bai ishe ki ba Arewa House, inda ake ajiye tsoffin takardun tarihin Arewa, na nan Kaduna, kuɗin mota ne kawai. Ki sayi littafin rubutu na musamman, duk abin da kika ɗauko ki rubuta marubuci da shekara da shafi nan take, kar ki ce sai anjima, mantawa za ki yi. Ƙamus ɗina na Bargery mai yagaggen bango yana cikin akwati, sunayen tsoffin kayan kasuwa da yawa za ki same su a ciki.

Na san za ki ce Baba ya cika takura. Ki faɗa. Fanshona nake tsakura ina biyan kuɗin nan, ban taɓa yi miki gori ba kuma ba gori nake ba yanzu, amma in kika sa sunana a bangon aikin da ba ke kika yi ba ban yafe ba.

Kiyi haƙuri Mamana, tsoro ne. In kin zo hutu ni da kaina zan raka ki Kurmi wajen tsofaffin 'yan koli ki yi musu tambayoyi ki naɗa a waya. Na tura miki ɗan abin da ya samu, Ummanki kuma za ta ba direba dambun nama ranar Asabar. Ki kira ni bayan Isha'i.

Babanki