Wasiƙa daga Jidda: masu aikin sauti, a daina barin manhaja tana danne addu'a

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Daga Jidda nake rubuto maka, sana'ata sauti ce, ina ɗaukar lasifikoki da miksa in kai wajen biki ko suna ko walima na 'yan uwanmu Hausawa mazauna nan, wani lokacin har Makka ake kirana can wajen Shari'u Mansur. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, dan Allah ka ban fili in faɗa wa abokan sana'a na nan da na gida.

Akan abinda muke ce wa kurosfed ne, wato waƙa ɗaya tana yin ƙasa a hankali wata tana tasowa a lokaci guda har ta farkon ta ɓace ba'a ji yankewa ba. A da da hannu ake yi, akwai ɗan abin turawa a ƙasan miksa da kake ja daga hagu zuwa dama, kunnenka na kan kiɗa hankalinka na kan jama'a. Maigidan da ya koya min aiki yace zamanin tef ma da reza suke yanka shi a karkace su liƙa, dan kar aji ƙas a mahaɗar. Yanzu kuwa manhaja ke yi da kanta, Spotify tana baka har sakan 12, Apple Music ma ta kawo shi a iPhone a 2023, su VirtualDJ da Mixxx kuwa sai ka jera musu waƙoƙi suyi ta haɗawa har gari ya waye.

Ni ban ƙi abin ba wallahi, dan yana rufa min asiri. Kasan nan in an kama istiraha, wato gidan taro da ake haya, ɓangaren mata daban ne namiji baya shiga, toh tun la'asar nake haɗa kaya in gwada in jera waƙoƙi a laftof in bar wa wata yarinya ta kula, ni ina waje. Ba dan wannan haɗin ba da duk waƙar da ta ƙare sai wuri yayi tsit masu rawa su tsaya cirko-cirko.

Amma ga abinda ya faru a wani biki bara. Kakar amarya tana Kano bata samu zuwa ba, sai ta turo murya ta WhatsApp, addu'a ce kamar ta minti 2, uwar amarya tace a kunna kafin shigowar amarya. Aka jefa muryar cikin jerin waƙoƙi, kurosfed kuma yana kan sakan 10. Tsohuwa ta kai daidai inda take cewa Allah ya bada zaman lafiya ya kawo zuri'a ɗayyiba, muryarta har tana rawa, sai kawai kalangu ya taso ya hau kanta, mata sun ɗaga hannu basu samu inda zasu ce amin ba. Hajiya ta aiko aka kirani bakin ƙofa, ta bayan labule tace min, Malam ya za'ai a yanke wa Inna addu'a? Sai da aka tsayar da komai aka sake kunnawa daga farko, amma har yau in na tuna sai inji ba daɗi.

Abinda nakeso a gane shine manhajar lissafi take daga ƙarshen fayil, bata san ma'anar abinda ake faɗa ba. Waƙa galibi ƙarshenta amshi ne ake maimaitawa, in sakan 10 ya tafi ba'a rasa komai ba, magana kuwa nauyinta a ƙarshe yake. Kuma abin ya wuce biki, ina sauraron gidajen rediyon gida ta intanet, sau da yawa malam bai rufe wa'azi ba talla ta shigo kansa, na taɓa jin kiɗan shiri ya hau kan ayar ƙarshe ta karatun Alƙur'ani, wannan kam bai kamata a bari ya saba wa kunnenmu ba.

Gyaran ba wuya. Ni yanzu jerin waƙa daban jerin magana daban, na magana kurosfed a kashe yake. In dole sai sun haɗu wuri ɗaya sai in buɗe muryar a Audacity, manhajar gyaran sauti ce ta kyauta, in ƙara mata shiru a wutsiya wanda ya ɗara tsawon kurosfed ɗin, kaga abinda kiɗa zai cinye shirun ne. In sanarwa za'a ɗora akan kiɗa akwai Auto Duck a ciki, shi ke sa kiɗa ya rusuna in murya ta shigo ya ɗago in tayi shiru. Ko tsakanin waƙa da waƙa ma ba'a barin sakan 12 haka kawai, in mai sauri zata bi mai sanyi sai kaji kamar makaɗa biyu na rigima a fili ɗaya, sakan 3 ko 4 ya isa. Sannan a duba irin lanƙwasar da aka zaɓa a manhajar, wato layin da ke nuna yadda waƙa ɗaya zata sauka ɗayar ta hau, in miƙaƙƙen layi ne ƙarfin sauti yana faɗuwa kamar desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) a tsakiyar haɗin, shi yasa kake jin ɗan rami, a zaɓi mai riƙe ƙarfi daidai.

Roƙona gareka Malam Edita, ka nemo mana injiniyoyin sauti na gidajen rediyo su riƙa bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa a jaridarka, dan yaran da ke shigowa sana'ar nan yawanci a YouTube suke koyo da Turanci ko Larabci, kuma ba wanda zai ce musu ga inda ake kashe abin. Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai aikin sauti, Jidda, Saudiyya