Ga Mai Riƙe da Littafin Rajista

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso cewa an ɗauke ka aikin rubuta sunayen 'yan gudun hijira a jihar Maraɗi. Mun yi murna, Allah Ya sa albarka. Amma na kwana ina juyi, domin na san teburin nan da za ka zauna a bayansa. Na taɓa tsayawa a gabansa.

Kana ɗan shekara goma sha ɗaya lokacin da Boko Haram suka shigo Damasak a watan Nuwamban 2014. Ko ƙofar shago ban rufe ba. Muka faɗa kogin Komadugu da ya raba Najeriya da Nijar, mahaifiyarka da goyo, kai kana riƙe da gefen rigata. A tsallaken Difa, malamin rajista ya ce in kawo katin shaida. Me zan ba shi? Takalmi ma ƙafa ɗaya gare ni. Mutumin nan ya ajiye biro, ya sa aka ba mu ruwa, sannan ya tambaye ni a hankali sunan unguwarmu da na limaminmu. Da wannan ya rubuta mu.

To, mutanen Sabon Birni da Isa na jihar Sakkwato da ke tsallakowa tun 2019 saboda 'yan bindiga, haka za su zo maka. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman takarda. Kada ka ɗauki rashin kati a matsayin alamar ƙarya.

Ka kuma yi hattara da zargi. Da aka kai hari Difa da Boso a Fabrairun 2015, sai idon mutane ya koma kanmu. Mu da muka tsere wa masu bindiga aka riƙa kallonmu kamar mu muka jawo su. Wannan kallon ya fi yunwa ciwo. Bincike wajibi ne, ban ce ka yi sakaci ba, amma ka bincika mutum ɗaya ɗaya, kada ka yi wa ƙauye guda kuɗin goro.

Abin da har yau ke damuna shi ne iyakar kanta. Ƙanena da ya nufi Maiduguri da ni da na haye ruwa, wuta ɗaya ta kore mu, amma ni kaɗai doka ta kira mai neman mafaka, har yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta hana a mayar da ni dole. Wannan kariyar a bakin alƙalaminka take farawa. Ka rubuta suna daidai, ka ƙirga yara da kyau, har jaririn da ke goye, don da wannan lissafin ake raba hatsi.

Kada ka karɓi ko dala a hannunsu. Idan tsohuwa ta rikice wajen faɗin shekarunta, tambaye ta wane sarki ne kan gado lokacin aurenta.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka fita.

Mahaifinka