Sanarwa ga Masu Shirin Zangon Faransanci a Waje

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga ƙauyenmu a gefen Gumel nake rubuto wannan, ina tsaye gindin darbejiyar bakin titi, don nan kaɗai sabis ke kamawa.

Masu niyyar yin zango ɗaya a Faransa, ku sani jami'o'in can galibi matakin B2 na iya Faransanci suke nema (na huɗu cikin matakai shida), kuma jarrabawar DELF, ta gwada iya Faransanci, ce shaidar da aka fi sani. Kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Sai ka haɗa 50 cikin 100, kuma ba a yarda ka gaza 5 a ko guda ba. Sauraron nan shi ke kayar da mu. Ranar da na zauna mata ina ganin na iya, ana kunna muryar sai na ji kamar ana zuba tsakuwa a kwanon sha. Don Allah ku riƙa kama RFI ta Faransanci, ba sashen Hausa ba, ko da kuna gona kuna shara.

Zango cikakke kiredit 30 ne na ECTS, wato ma'aunin nauyin karatu na jami'o'in Turai. Maki kuma a kan 20 ake bayarwa, 10 ne tsallakewa, saboda haka wanda ya samu 12 kada ya tayar wa Inna hankali a waya, ya ci.

Kafin ku biya ko sisi, ku kai jerin kwasa-kwasan wa shugaban sashenku ya sa hannu, in ba haka ba ku dawo a ce ba za a lissafa muku ba. Mai tambaya ya turo bayan sallar Isha'i.