Amurkar da kuka nuna ranar Asabar ba ita na je ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Malam Edita, ka yi haƙuri da ni, yau da ƙorafi na zo. Shirinku na daren Asabar ne ya tsaya min a rai.

Awa guda cur kuka yi a kan yaranmu da ake ɗauka su je Amurka su yi shekara, amma cikin mutum ukun da kuka zaunar babu wanda ya taɓa zuwa a matsayin ɗalibi. Ko ɗaya. Kuma duk sanda baƙin suke magana sai ku sako hotuna a bayansu: dogayen benayen New York, fitilu, motar 'yan sanda da jiniya, 'yan mata a bakin teku, sai a sake komowa kan benaye. Na ƙirga, sau shida aka nuna gada guda. Har babban baƙonku ya gyara zaman hula ya ce wai yaran yanzu ba sa buƙatar wani dogon bayani kafin su tafi, ai sun riga sun ga ƙasar a talabijin. A nan ne na ajiye kofin shayina.

Ni na je. A watan Agustan 2010, ina ɗan shekara 16, aka ɗauke ni a shirin musayar ɗalibai na YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, ake kiransa da sunan sanatoci biyu, Kennedy da Lugar. Kafin tafiyar babu wanda ya kai ni sanin Amurka a layinmu. Na sha kokawa a gidan kallo, na sha finafinan harbe-harbe, har na iya tauna turanci ta hanci. A zuciyata gidan da za a sauke ni yana hawa na ashirin, kowa da bindiga a ƙugu, yaro kuma yana yi wa ubansa tsawa ya buga ƙofa. Mahaifiyata ita ma talabijin ɗin ce makarantarta, don haka nasihar da ta yi min a tasha guda biyu ce: kada in fita da dare, kada in yarda wata ta rungume ni.

Sai aka kai ni jihar Iowa.

Malam Edita, daga filin jirgi zuwa gidan mun yi tafiyar fiye da awa guda, ban ga komai ba sai masara. Masara dama, masara hagu, sai waken suya, sai masara kuma. Gini mafi tsawo a garin rumbun hatsi ne, sai tankin ruwa. Maigidan da ya karɓe ni manomi ne, hannunsa ya fi na kawuna kaushi, kuma kafin ƙarfe biyar na asuba ya tashi. Da iska ta juyo sai warin gidan aladu ya cika mota, domin jihar ce kan gaba a Amurka wajen kiwon alade da noman masara, aladunta sun ninka mutanenta sau da yawa. Na zauna a bakin gado a daren farko ina jin kukan gyare, na ce a raina an cuce ni, Amurkar ƙauye aka ba ni, ta gaskiyar an ba wasu. Sati uku na yi ina wannan baƙin cikin. Sati uku daga cikin wata goma, na zubar da su a banza saboda ina neman abin da akwatin talabijin ya yi min alkawari. Wani da muka tafi tare har kuka ya yi yana roƙon a mayar da shi birni.

Kuma fa azumi na tarar. Rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe takwas a farkon watan. Matar gidan, wadda ba ta taɓa zama da Musulmi ba, ta sa agogo tana tashi ta soya min ƙwai na sahur, ta koma ta kwanta. In mun je kanti sai ta ɗora tabarau a karan hanci tana karanta bayan kowane kwali, har na alewa, kada a ce da sinadarin alade a ciki. Ranar Lahadi su tafi coci, su dawo a zauna a tebur ɗaya, ba a ɗaga cokali sai an yi addu'a. Ɗansu da ya girme ni da shekara ɗaya, ban taɓa jin ya ɗaga wa ubansa murya ba. In ya yi laifi a karɓe makullin mota, ya yi ta sunkuyar da kai. Wane fim ne ya taɓa nuna min wannan? A wane sashe na shirinku aka ga mai kama da matar nan?

Ba na cewa duk ƙarya ce. Motar makaranta ruwan ɗorawa tana nan yadda ake nuna ta, da akwatunan ƙarfe jere a baranda. Bindiga ma akwai a gidan, har uku, amma a kulle cikin kabad, ba a fito da su sai lokacin farautar barewa. Ana cewa gani ya kori ji, to ganin talabijin ji ne kawai aka sa masa riga.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tsoron da irin waɗannan hotuna suke jefa iyaye. Ban cika wata guda da zuwa ba duniya ta ɗauka da labarin wani fasto a Florida mai suna Terry Jones da ya ce zai ƙona Alƙur'ani ranar 11 ga Satumba. Cocinsa ba ta fi mutum hamsin ba, amma kowace tasha a duniya fuskarsa take nunawa safe da yamma. Mahaifiyata ta kira ni tana kuka, ta manta ma akwai tazarar awa shida tsakaninmu, ta ce in tattara kayana in dawo, ana farautar Musulmi. Na yi ta rantse mata cewa tsakanina da Florida ya fi nisan Kano da Legas nesa ba kusa ba, ta ce ai da idonta ta gani. A satin nan ne aka yi ƙaramar Sallah, kuma maigidan nan ya bar aikin gona ya tuƙa ni har Cedar Rapids, garin da ke da masallacin da aka gina tun 1934, ya zauna a mota yana jirana har aka idar. Babu kyamarar da ta zo.

Su ma can haka talabijin ta yi musu da mu. Da bama-bamai suka tashi a Jos a jajibirin Kirsimeti na shekarar, wata malama ta riƙe hannuna tana tambaya ko gidanmu ya tsira, alhali ba ma jihar muke ba. Wani yaro a aji ya tambaye ni da gaske ko na taɓa sa takalmi kafin in zo. Na ji haushi, sai na tuna ni ma da wace Amurka na sauka a kaina, na yi shiru.

Akwai kuma abin da ko alamarsa ban taɓa gani a allo ba. Ana sa mu aikin sa-kai, ni aka tura ni wurin rabon abinci ga mabuƙata. Da hannuna na miƙa wa fararen fata gwangwanayen wake, suna layi cikin dusar ƙanƙara da yara a hannu. Na je gidan tsofaffi na ga wata tsohuwa da aka ce ta yi wata da watanni ba wanda ya leƙo ta. Ranar nan na yi kewar kakata har na kasa cin abinci. Wannan shi ne abin da ya kamata yaron da zai tafi ya ji, ba gada sau shida ba.

Yanzu ni malamin makaranta ne, kuma cikin ɗalibaina akwai masu burin irin wannan tafiya. Ranar Litinin biyu suka tare ni suna murna, sun kalli shirinku, ɗaya har yana tambaya ko a hawa na nawa na zauna. Kun ga aikin da kuka ƙara min. Mu da muka je muka dawo muna da yawa a arewacin nan, maza da mata, wasu likitoci ne yanzu, wasu lauyoyi, wasu 'yan kasuwa. Da kun cigita ko a Facebook ne, kafin la'asar kun samu goma. Na kira lambar da kuka sa a allo sau tara don in faɗi haka, ba a ɗauka ba sai sau ɗaya, aka ce in dakata, na dakata har katina ya ƙare.

Tunda na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Tallar mai maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar labaran ƙarfe bakwai, don girman Allah ku duba ta. Ƙararta ta ninka ta labaran, kuma kalmomin da mutumin nan yake furtawa ba na gaban yara ba ne. Ranar Alhamis ina zaune da surukina aka sako ta, na rasa inda zan sa kaina, na tashi na ce zan duba janareta, ga wutar Nepa tana ci.

Ku sake shirin nan, ku kira waɗanda suka je. In kun rasa hoton da za ku sa a baya, ina da na gonar masara fiye da ɗari, zan aiko muku kyauta.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ɗalibin musaya, daga Kaduna