Rahoton Kwamitin Gyaran Sokawe da Rijiyar Makarantar Islamiyya

Kwamitin da iyayen ɗalibai suka ɗora wa alhakin gyaran banɗakunan makarantarmu yana sanar da jama'ar unguwa cewa, cikin ikon Allah, aiki ya kammala.

Tun tsakiyar daminar bara ruwan rijiyar makaranta ya soma wari, alhali da shi yara suke alwala, ƙananansu ma suna sha daga guga. Da magini ya ɗaga murfin ramin masai, sai muka tarar ya cika maƙil, bangonsa ya tsage, leda da tsummoki da famfas sun toshe bututun da ke kai ruwa sokawe. Babbar matsalar kuwa ita ce kusanci. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rami da rijiya, gindin ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tudu da mita ɗaya da rabi, amma tazarar da muka auna tsakanin ramin da rijiyar ba ta kai rabin mita 30 ɗin ba. Ƙasar wurin jigawa ce, ruwa yana ratsa ta da sauri, kuma a watan Agusta ruwan ƙasa yakan taso har ya haɗu da ƙazantar. Wanda ya ga annobar kwalara ta 2021, wadda ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Kano da Jigawa da Bauci na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ya san dalilin da ya sa muka ƙi yin faci.

Mun kira motar kwasar masai ta zuƙe ramin, aka yi masa sabuwar filasta da murfin kankare da bututun fitar da iska. Tsohon sokawen an cike shi, an haƙa sabo a gangaren filin, nesa da rijiyar. Ita kuma an yashe ta, an ɗaga bakinta da bulo, an yi mata daɓe da murfi, sannan aka zuba kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa.

Muna roƙon malamai su hana jefa leda a masai, masu shara kuma su rage kwarara maganin wanke banɗaki, domin yawansa yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da bayan gida. Za a riƙa auna ramin da sanda kafin kowace damina, a kwashe shi kafin ya cika. Har yanzu ba a yarda a sha ruwan rijiyar ba sai an tafasa, zuwa lokacin da sakamakon gwaji zai fito. Lissafin kuɗin da aka tara da wanda aka kashe yana manne a ƙofar ofishin shugaban makaranta.